Adaka Mai Kwaɗo Biyu

"A buɗe ta yanzu, a gaban kowa!" in ji Malam Haladu, ya doka sandarsa a ƙasa.

Adakar takardun gonakin garin ce, ta katako, tun ta zamanin kakan Dagaci. Kwaɗo biyu gare ta. Mabuɗi ɗaya na rataye a wuyan Haladu, ɗaya na aljihun Abatcha, ba ta buɗuwa sai dattawan biyu sun haɗu. Haladu bai taɓa yarda da Abatcha ba. Da surukin Abatcha ya fara rigimar iyakar gona, sai Haladu ya ɗaga gefen adakar, ya ji ta sakayau.

"Ya sa an ƙera masa irin mabuɗina, ranka ya daɗe," Haladu ya ce wa Dagaci, "ya kwashe takardun. In ƙarya nake, in ajiye nawa."

"Sannu, sarkin zargi," in ji Abatcha. "Ni ma na daɗe da jin ta ba nauyi. Kai nake kallo."

Dagaci ya so hana su, suka ƙi. Kowa ya buɗe kwaɗonsa. Wayam, ko ƙyallen takarda babu.

Dagaci ya sunkuyar da kai. "Baba, ku gafarce ni. Tun shekarar da gara ta cinye gindinta muka zare takardun ta ƙasa, muka kai sakatariya a Roni."

Haladu ya zaro ido. "To mu me muke gadi?"

"Junanku, Baba. Tunda kuka sa wa juna ido, garin nan ya huta da bakinku."