Cikin Akuyar Iya

Da akuyar ta kasa tashi, tsohuwar ta aika a kira mahauci kafin ta yi mushe. Watanni ke nan tana kallon cikin yana girma, tana yi wa jikokinta marayu alkawarin madara. Filin da dabbobin unguwa ke kiwo ya daɗe da zama shaguna, bola kawai ta rage musu.

"Malam, bi a hankali," ta ce bayan ya yanka. "Wataƙila 'ya'yan da sauran rai."

Ya farke cikin, ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Iya, ba juna biyu ba ne."

Ya shiga zaro ledoji a cure, na taliya da na biskit, rubutun ƙasashen waje bai ko goge ba.