Mai Turare a Gidan Giwa

Zauna, ɗana, kafin ka ɗaure kayanka zuwa ƙasar nan da aka tura ka aiki. Akwai wani misali da nakan ba matafiya. Ko a bakin wani na ji shi, ko ni ne na zauna da mutumin a wata tasha muna jiran mota, wannan ya shige mini. Labarin dai yana nan daram.

Wani mai sayar da turare ne ya tsufa, ganinsa ya fara dushewa, likita kuma ya faɗa masa gaskiya cewa hasken ba zai daɗe ba. Sai ya damƙa wa 'ya'yansa rumfa, ya ɗauki matarsa, suka shiga duniya. Burinsa ɗaya ne: ya ga giwa a dajinta, tana tafiya da ƙafarta, kafin duhu ya rufe shi. Damina ta same su a wata ƙasa, ta bar su a wata, har suka isa wani babban gandun namun daji da sunansa ya kwanta mini. A can mota takan sauke baƙi nesa kaɗan da wani tafki, ɗan rakiya ya shige gaba, a taka a ƙasa zuwa wata bukka da aka ɓoye cikin ciyawa, a zauna a jira masu zuwa shan ruwa.

To, shi dattijon nan mutum ne mai ladabi. A wurinsa giwa babba ce, kuma ba a zuwa gaban babba kara zube. Ya fito da farar shaddarsa mai sitaci, wadda in ya motsa sai ta yi ƙara kamar busasshen ganye, ya kafa hula, ya buɗe wata 'yar kwalba da bai taɓa yarda ya sayar wa kowa ba, ya shafe gemu da hammata da bakin hannun riga. Tun kafin su kai bukkar bareyi suka ɗaga hanci suka watse. Gwanki ya juya baya. Ga sawun giwa ɗanye a laka, ga kashinta yana tururi, amma ita babu. Washegari ya ce wataƙila girmamawar ce ba ta isa ba, ya ƙara turare. Haka aka yi ta yi, ido kuwa ba ya jira. Kukar da ke bakin tafkin, wadda da farko yake rarrabe rassanta, ta fara zame masa inuwa kawai.

Ɗan rakiyar ya san dalili, amma kunya ta hana shi ce wa sa'an ubansa ya tuɓe riga. Sai ya kewaya ya faɗa wa matar. Da safe, dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki kwalba, ta riga shi. Ta ce, “Malam, tun farkon aurenmu nake jin zuwanka kafin ka shigo zaure. Ni na saba, nakan tsaya. Su mutanen gidan nan da hanci suke gani, kuma ba su san kai ne ba.” Ya yi dariya har da hawaye. Ya yi wanka da ruwa zalla, ya ari wata tsohuwar riga mai launin ƙasa a wurin ɗan rakiyar, ya fito yana jan gefenta kamar wanda aka kama ba sutura.

Ranar ba abin da ya gudu. Can da hantsi ciyawa ta dāre, giwa ta fito da ɗanta a gindinta, ta zo daf da bukkar, ta yadda ko raunanan idanunsa sai da suka ga tamojin fatarta da gashin idonta. Ɗan giwar ya zame cikin laka ya faɗi, uwar ta sa hannunta ta ɗago shi, ta watsa masa ruwa a ka. Dattijo ya motsa leɓe ya yi mata sallama a hankali, don wannan kam ba zai iya bari ba, matarsa tana riƙe da hannunsa. Ba a daɗe ba bayan sun koma gida hasken ya tafi, amma ya tafi ya bar masa giwa.

Ladabinka na gida abu ne mai kyau, ɗana, kada ka yar da shi. Sai dai ka fara duba yadda masu gida suke karɓar girma, domin Hausawa sun ce: in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura.