Binne a Gonar Baba

Raudatu tana tafe a gonar marigayi mahaifinta, bayan garin Korahane, tana jefa irin hatsi cikin busasshen rairayi tana rufewa da diddige. Binne take yi, shukar da ake yi tun ruwa bai sauka ba, a bar wa Allah sauran.

Huzaifa, mushen lakwal, wato malamin makarantar garin, ya zo ya tsaya a bakin gona ya ce:

"An maida ni Maradi. In kin amince in turo magabatana, mu tahi tare."

Ta tsura wa ƙwaryar irin ido.

"Mushe, ka ga na riga na binne."

"Hatsi ne hwa, Raudatu. Akwai shi a kasuwa."

"Ban da wanga. Irin Baba ne, tun daga kakanshi. 'Yan gidanmu duk sun watse. In ya tsiro, wa zai iske?"

Ya jira ta ɗago, ba ta ɗago ba. Ya juya.

Sai da ya ɓace ta lura ta rufe layi guda ba iri a ciki. Ta share ido, ta koma baya tana tonawa.