Hannun Baba a Kan Giya

Ina zama a kujerar direba gwiwoyina suka daki sitiyari.

"Mama, wa ya matso da kujerar nan? Baba fa dogo ne."

Mahaifiyata ta ci gaba da goge tauraron da ke goshin tsohuwar Marsandin kamar ba ta ji ba. Sati uku ke nan da rasuwarsa, mai sayen motar kuma yana tafe ƙarfe huɗu.

Shekara arba'in Baba ya yi yana haɗa giyar mota a masana'antar motoci ta Stuttgart, a Jamus. Motarsa kuwa, ko makullinta ba ya bari a taɓa.

"Ni ce," in ji ta a hankali. "Ke kina can Hamburg, ina za ki sani? Da idonsa ya mutu, duk Lahadi ni nake kai mu shan kofi a bakin kogi."

"Ke? Yaushe kika iya tuƙi?"

"Rabi na iya. Sitiyari da kuloci nawa, giya tasa. Ya kasa kunne ya ji kukan injin, ya ce, 'Taka, tsohuwa, ba ƙwai ba ne!' Sai ya canza." Ta yi dariya, ta share ido da tsumman. "Shekara shida muna haka. Har yau ban san inda giya ta biyu take ba. Ajiye motar na mene ne?"

Na fito, na zagaya ɗaya gefen, na zauna. Kan giyar ya suɗe daidai tafin hannunsa. Na ɗora nawa.

"Shigo, Mama. Taka."