Bututun Jan Ƙarfe da Ƙofofin Masallaci

Tunda kai ma ka ce a gida za ka buɗe wurin aiki, zauna ka ji yadda wani kafinta ya yi. Ya gyara zaurensa, ya sayi injin iska na fesa fenti, ya ja bututun jan ƙarfe daga injin ya bi bango da shi har bakin teburi. Hannu kam yana da shi, don ko mahaɗa ɗaya ba ta huci. Sai dai mutumin akwai son a yaba. Ya san sarai iskar da aka matse tana tafe da ruwa, shi ya sa ake ɗan karkata bututu, a bar masa wutsiya a ƙasa da ɗan famfo, ruwan ya taru can a zubar. Ya yi hakan, ya ja da baya ya duba, sai ya ga karkatar ta ɓata masa layi, wutsiyar kuma ga ta nan kamar jelar ɓera. Ya yanke ta, ya miƙe bututun sambal, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Duk baƙon da ya shigo, kafin a gama gaisawa an nuna masa bango.

Da damina aka yi wa masallacin unguwa sababbin ƙofofi. Surukin kafintan, dattijo marar yawan magana, ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ku ba yaron nan fentin, ni na tsaya masa." Kafinta ya fesa kore, ruwan da ya kwanta a bututu ya bi iska ya shige fentin. Aka kafa ƙofofi, rana ta doke su, kafin Juma'a suka feso da ƙuraje kamar mai ƙyanda, fenti yana ɓarewa a hannun duk wanda ya tura. Ba wanda ya ce wa kafinta uffan, tsohon ake kallo.  Shi kuwa tsohon da ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba, sai ga shi kullum yana dogara sanda yana wucewa ta ƙofar zauren kafinta, zai tafi masallacin wata unguwa. Kafinta in ya jiyo sandar sai ya kashe inji ya laɓe bayan katako, don kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kankare ƙofofin ya sake fenti, tsohon dai bai dawo masallacin ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, garin neman gira a rasa ido.