Robar Bushin a Hancin Inna

Tsohuwar motar Inna, wadda ke ɗauko mata busasshen kifi daga Wara zuwa Yelwa, ta fara ƙara ta baya, ƙwas-ƙwas, duk ramin da ta faɗa. Direba ya ce bushin ne ya cinye, wato robar da ke riƙe ƙafar baya. Inna ba ta yarda da direban ba, balle bakanike. Da la'asar ta ja hannuna muka bi motar har gareji.

Bakaniken ya ɗaga motar da jak, ya ciro tsohuwar roba duk ta tsattsage, sannan ya miƙo wata baƙa wuluk tana ƙyalli. Inna ta karɓa, ta danna ta da babban yatsa, ta kai hanci, kamar yadda take yi wa kifi a bakin ruwa.

"Ɗana, wagga roba warin man takalmi take yi," in ji ta.

"Haba Inna! Sabuwa ce fil, dubi ƙyallinta."

"Ƙyalli? Ni ma mai nake shafa wa tsohon kifi."

Bakaniken ya shiga shago ya fito da wata. Ni kuwa na tsaya ina kallon bakin uwata.

Har yau ba a ɗaura wa motata komai sai na shinshina. Allah ya jiƙan Inna, daga wannan rana ko kifinta sai na kai hanci kafin in ci.