Injin da Ya San Barkin Sale

Sanarwar layi huɗu ce, cikin Turanci mai ladabi. Kamfanin injin bincike na ƙasar waje yana godiya ga abokan hulɗarsa, yana kuma shaida musu cewa daga ƙarshen watan Agusta zai rufe ƙofar da manhajoji ke bi suna yi wa injinsa tambaya. Halimatu ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

Manhajar kamfaninta, mai suna Ina Ne, ta wannan ƙofar take numfashi. Ɗan keke ya ɗauki fasinja zuwa wurin da bai sani ba, sai ya rubuta tambaya, manhajar ta miƙa wa injin, amsa ta dawo. Haka Zikrullahi ya gina ta shekara uku da suka wuce, kafin ya samu aiki a Abuja ya daina ɗaukar waya.

Amsoshin kuwa ba su da na biyu. Injin ya san kemis ɗin da ba ya rufewa ranar Juma'a a Tudun Fulani. Ya san "bayan taransifoma" wuri uku ne a unguwar Barkin Sale, har yakan tambayi wanne ake nufi. Aibinsa kaɗan ne. Yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu, yakan yi nauyi da safiyar Lahadi, kuma mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Joshua, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar su biyu, ya ce haka inji yake da Hausa, Lahadi kuma ranar da Turawa ke gyaran na'urorinsu ce. Ɗayan, Ndakotsu, ya ce abin da ke aiki ba a buɗe cikinsa.

Sati shida suka yi suna neman madadi, suka samu wani injin, sabo, mai sauri. Sai dai ba kyauta ba ne, dole a rage ma'aikaci ɗaya.

Halimatu ba ta sha wahalar zaɓe ba. Dorothy ce ke zama a teburin bakin ƙofa, takardar aikinta ta ce "duba saƙonni". Kafin ta zo nan, shekara goma sha takwas ta yi tana bin gida-gida da akwatin rigakafi, har gwiwa ta gaza. Ba ta rubuta manhaja. Kullum kanta a duƙe tana latsa waya, ko abinci take ci, kuma Halimatu ta daɗe tana son yi mata magana a kan haka.

"Mama Dorothy, kin dai ga halin da ake ciki."

"Na gani, Madam. Ba komai. Dama 'yata ya kusa haihuwa, sai in je in zauna da shi."

Ranar ƙarshen wata Joshua ya cire tsohon haɗi ya ɗaura sabo. Amsa ta riƙa zuwa kafin mutum ya ɗaga yatsa. Aka sayo lemo.

Washegari wani ɗan keke ya tambayi unguwar Sauka Kahuta. Injin ya ba shi shawara ya sauka ya huta, ya kuma lissafa masa amfanin hutu guda biyar. Wani ya tambayi Barkin Sale, aka nuna masa wani kanti da ke ragin farashin takalma a ƙasar da ba a zuwa da keke. Ranar Litinin aka yi minti arba'in ana zagaye da wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, ana neman gidan mai ɗori da kowa ya sani banda injin.

Alfa Ndayako, shugaban ƙungiyar 'yan keken da ke amfani da manhajar, ya zo da kansa. Bai zauna ba.

"Hajiya, wancan injin ɗan gari ne. Wannan baƙo ne, kuma baƙon ma mai surutu. Zuwa Juma'a ku dawo mana da na da, ko in ce wa mutanena su goge abin daga wayoyinsu."

Ta yi masa bayanin cewa kamfanin ne ya rufe ƙofa.

"Ƙofa ai ƙwanƙwasa ta ake yi," in ji shi.

Ta ƙwanƙwasa. Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa uku, aka amsa mata sau uku da layi huɗun nan. In 'yan keke suka tafi, babu Ina Ne, wannan kowa a ofishin ya sani, shi ya sa ba wanda ya faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi Ndakotsu ya yi abin da ya ce ba a yi. Ya buɗe tsohon kundin manhajar, da niyyar kwaso tsofaffin amsoshi ya koya wa sabon injin. Ya daɗe yana kallo.

"Anti, zo ki ga wani abu."

Mabuɗin da suke shiga ƙofar da shi ya mutu wata biyu bayan tafiyar Zikrullahi, ba wanda ya sabunta. Tun daga ranar, duk tambayar da aka aika, injin ya ƙi karɓa. A ƙasa akwai wani layi da Zikrullahi ya rubuta, ya sa masa alamar "na wucin gadi": in injin ya ƙi, a tura tambayar ta saƙon waya zuwa wannan lamba, abin da ya dawo a nuna shi a matsayin amsa. Tambaya dubu sittin da ɗoriya suka bi ta nan.

Halimatu ta sa tabarau, ta kwafi lambar ɗaya bayan ɗaya, ta sa wayar a kunne. Ta yi ƙara sau huɗu. Can nesa jariri yana kuka.

"Madam, ina kwana?" in ji Dorothy. "Injin namu ya warke?"